Ƙara Girman Inbata A Motar Tafi-da-Gidanka: Ba Sayen Ne Mai Wuya Ba

A ƙasar Amurka akwai wata irin mota wadda in za a nemi abin da sunan nan na tafi-da-gidanka ya fi dacewa da shi, to, ita ce, ba kotu ba, ba kuwa wayar aljihu ba. Mota ce da aka gina wa ɗaki a bisa, da gado da madafa da makewayi da firji, har da na'urar sanyaya ɗaki a kan rufi. Waɗansu da injinsu suke tafiya, waɗansu kuwa tirela ce, sai an ɗaura wa wata mota ta ja ta. Amurkawa suna kiransu duka da haruffa biyu, watau RV. Ba kuwa abin 'yan tsiraru ba ne, domin a shekarar 2021 kaɗai masana'antun ƙasar sun fitar da fiye da 600,000, mafi yawansu daga jihar Indiyana, musamman garin Elkhart da kewayensa. A wannan shekara kuma aka ƙiyasta cewa iyalai fiye da miliyan 11 ne suka mallaki irin wannan mota. Cikinsu akwai tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya, da masu iyali da ke fita yawon hutu, da kuma matasa masu aiki ta intanet waɗanda ofishinsu yake duk inda dare ya yi musu.

Muddin mai irin wannan mota yana sauka a sansanin da aka tanada domin matafiya, ba shi da wata damuwa game da lantarki. A can akwai turaku masu soket, ya biya kuɗi ya jona motarsa, ya sami wuta mai ƙarfin wat 3,600 a ƙaramin soket, ko wat 12,000 a babba, watau daidai da wutar ƙaramin gida. Amma da yawa daga cikinsu ba don su jeru kamar motocin tasha suka sayi motar ba. Daji suke so, da hamada, da gindin dutse. Kowane watan Janairu dubban motoci kan taru a hamadar da ke kewaye da wani ɗan ƙaramin gari mai suna Quartzsite a jihar Arizona, a filayen gwamnatin tarayya inda babu turke babu waya. A irin wannan wuri mutum yana da zaɓi biyu, ko ya tada janareto ya sha hayaƙi da ƙara tare da harara daga maƙwabta, ko kuwa ya dogara ga batir. Galibin gandayen shaƙatawa na gwamnati ma sun hana hayaniya daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A nan ne maganar inbata take shigowa.

Wutar da ke cikin batir mai gudana ce ta fuska guda, kuma a mota ƙarfin turinta bolt 12 ne. Wutar da ke soket ɗin gida kuwa kai da komowa take yi, sau 60 cikin daƙiƙa guda a Amurka, da turin bolt 120. Butar lantarki da na'urar ɗumama abinci da na'urar sanyaya ɗaki duk domin wannan ta biyun aka ƙera su. Aikin inbata shi ne ta karɓi ta farkon ta mai da ita ta biyun. A da can da injin mai juyawa ake yin wannan aiki, ko da wani ɗan ƙarfe mai karkarwa irin wanda aka riƙa sa wa rediyon mota a shekarun 1930. Bayan da aka ƙirƙiro tiransista a 1947, sannu a hankali na'urar ta ƙanƙance har ta zama akwatin da mutum zai ɗauka da hannu.

To, abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, inbata ba ta haifar wuta ko ta ƙwayar zarra. 'Yar canji ce. Ɗan canji ba ya buga kuɗi, abin da ka miƙa masa shi yake juya maka zuwa wani iri, ya kuma cire ladansa. Ladan inbata kimanin kashi 10 cikin 100 ne, wanda ke salwanta ya zama zafi. Kuma canjin nata irin na mai kai ƙananan kuɗi ne ya karɓo manya: kafin ta ba ka ɗaya a ɓangaren soket, sai ta karɓi goma da 'yan kai a ɓangaren batir. Masu ilmin lantarki suna da lissafi mai sauƙi a kan wannan. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, amfiya ita ce yawan wutar da ke gudana cikin waya, in ka ninka su biyun ka sami wat, watau aikin da wutar ke yi. Saboda haka wat 1,000 a kan bolt 120 amfiya 8 ce da ɗan ɗori, amma wat 1,000 ɗin nan a kan bolt 12 amfiya 83 ce, in aka haɗa da lada ta kai 93.

Motoci da yawa da ƙaramar inbata suke fitowa daga masana'anta, ta wat 1,000 ko abin da ya yi kusa da haka, wadda za ta ɗauki talabijin da kwamfuta da cajin waya da ƙaramin firji. Ran da uwargida ta jona butar lantarki, wadda ke cin wat 1,500, sai a ji inbata ta yi kuka ta ɗauke. Na'urar ɗumama abinci da aka rubuta wa wat 1,000 a jiki, wannan ƙarfin dahuwarta ne, abin da take ja daga soket ya kusa 1,500. Na'urar sanyaya ɗaki ta kan rufi kuwa tana cin tsakanin wat 1,300 da 1,500 in ta daidaita, amma a ɗan lokacin da injinta ke tashi takan fizgi ninki uku na wannan ko fiye. Ganin haka sai mai mota ya ce ai magani a fili yake, a cire ta 1,000 a sa ta 3,000. Ya je kanti ya sayo, ya kwance wayoyi biyu ya ɗaura wayoyi biyu, yana tsammani aiki ya ƙare. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Mu koma ga lissafinmu. Wat 3,000 a kan bolt 12 amfiya 250 ce, da lada ta kusa 280, in kuwa batir ya fara gajiya turinsa ya sauka zuwa bolt 11, sai ta haye 300, domin inbata ba ta rage abin da take bayarwa, ƙara abin da take ja take yi. Wannan irin wutar da ake walda da ita ce. Wayar da masana'anta suka sa domin amfiya 93 ita ce yanzu aka ɗora wa 280. Mugun abin shi ne zafin da waya ke yi ba daidai da ƙaruwar wuta yake ƙaruwa ba, ninkin ba ninki yake yi: in wuta ta ninka biyu zafi ya ninka huɗu, in ta ninka uku zafi ya ninka tara.

Alal misali, a ɗauka tsohuwar wayar mai lamba 2 ce a ma'aunin Amurka, wadda faɗin jan ƙarfenta ya kai murabba'in milimita 34, kuma tsakanin batir da inbata mita 3 ne, watau mita 6 zuwa da dawowa. A ƙarƙashin tsohuwar inbata wannan waya tana zubar da wat 27 a matsayin zafi, abin da hannu ma da ƙyar zai ji. A ƙarƙashin sabuwa tana zubar da kusan wat 240, a cikin lungu, bayan katako, kusa da soso da labule da robar da aka yi jikin motar da su. Har ila yau tana cinye kusan bolt guda kafin wuta ta isa inbata. Bolt guda a gida ba kome ba ne, amma a nan kashi ɗaya ne cikin 12 na jarin gaba ɗaya, kuma yawancin inbatoci suna kashe kansu in abin da ke iso musu ya sauka zuwa wajen bolt 10 da rabi. Shi ya sa za ka ga mutum da cikakken batir da sabuwar inbata, amma da ya kunna buta sai wuta ta ɗauke, ya koma kanti yana faɗa wai an sayar masa da jabu, alhali laifin yana cikin wayar da bai taɓa ba.

Wayar da ta dace da wannan aiki ita ce wadda suke kira 4/0, mai faɗin murabba'in milimita 107, kaurinta da rigarta ya kai babban yatsa. Tana da tsada, tana da taurin lanƙwasawa, kuma ko ita ɗin ana so a gajarta ta iyakar iyawa. Lalle ne ta zama jan ƙarfe zalla, domin akwai mai araha wadda alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a baya, ba ta kuwa ɗaukar abin da ta gaskiya ke ɗauka. Bakin wayar ma abin lura ne. In aka matse kan waya sakwa-sakwa, ko noti bai ɗauru ba, ɗan cikas ɗin da ba ya nuna kansa a amfiya 20 yana iya tara zafin da ya fi na tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 a wurin da bai wuce faɗin farce ba. Mota kuwa ba gida ba ce, kullum cikin girgiza take, abin da aka ɗaure yau yana iya saki bayan tafiyar kilomita dubu.

Sa'an nan ga fiyus. Mutane da yawa suna zaton domin kare inbata ake sa shi, alhali waya yake karewa. In rigar waya ta goge a jikin ƙarfen mota, batir zai juye dubban amfiya cikin ƙiftawar ido, wayar ta yi ja kamar ƙarfe a maƙera. Saboda haka ake sa fiyus dab da batir. Ƙa'idar maƙeran jiragen ruwa na Amurka, wadda masu motocin nan da yawa suke aro, ta ce kada ya wuce inci 7 daga kan batir, watau kimanin santimita 18. Mafi munin kuskure shi ne wanda mutum kan yi in tsohon fiyus ya riƙa tsinkewa: ya cire shi ya sa babba, ya bar siririyar waya yadda take. Ya kori mai gadi ke nan don yana yawan tashinsa daga barci. Hukumar kula da al'amuran gobara ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsakanin 2018 da 2020 ana samun gobara kimanin 4,200 kowace shekara a irin waɗannan motoci. Dalilan suna da yawa, akwai inji akwai gas akwai girki, amma wutar lantarki tana cikinsu, kuma ɗakin da aka yi da katako da roba, mai ƙofa guda, ba ya ba mai barci lokaci mai tsawo.

In an gama da waya, sauran rijiyar da ake ɗibar ruwan, watau batir. Batirin dalma da ruwan batir, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, har yanzu shi ne a cikin motoci masu yawa. Wanda aka rubuta wa 100 a jiki, ma'anarsa zai ba da amfiya 5 har tsawon awa 20. Ba ya nufin zai ba da amfiya 100 na awa guda. Tun a 1897 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Peukert ya nuna cewa gwargwadon gaggawar da aka yi wajen jan wuta daga irin wannan batir, gwargwadon raguwar abin da zai bayar. Bugu da ƙari, in ana so ya yi ƙarko ba a cinye fiye da rabinsa. To, mota mai irin wannan batir guda biyu, abin da take da shi na kashewa bai wuce wutar da za ta riƙe wat 1,200 na awa guda ba. Na'urar sanyaya ɗaki za ta lashe wannan cikin minti 45 a lissafin takarda, a aikace kuwa ba za ta kai ba. Mai mota ya sayi babban guga, rijiya kuwa tana nan yadda take.

Wannan ne ya sa sayen babbar inbata kan ja mutum zuwa sayen batirin lithiyam, musamman irin wanda ake haɗawa da ƙarfe da fosfet, wanda ya samo asali daga binciken John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas wajen 1996. Shi wannan malami ya sami kyautar Nobel a 2019 yana da shekara 97. Batirin nan nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, ana iya cinye kusan dukan abin da ke cikinsa, kuma turinsa ba ya faɗuwa sosai in an matsa masa. Amma shi ma da sharuɗɗansa. A cikinsa akwai wata 'yar na'ura mai tsaronsa, wadda a yawancin masu lamba 100 ba ta yarda a ja fiye da amfiya 100. Ke nan inbata mai jan 280 tana bukatar uku a jere, ko da mai ita minti biyar kawai yake son ya tafasa ruwa. Ba a kuma yi masa caji in sanyi ya kai na ƙanƙara, abin da ke da muhimmanci ga mai yawo a duwatsun Kolorado. Tsohuwar cajar motar wadda aka yi domin dalma sau da yawa sai an canja ta, kuma in ana so injin mota ya riƙa cika shi a kan hanya sai an sa wata na'ura a tsakani, in ba haka ba ya zuƙi wuta har ya ƙona abin da ke yi masa cajin.

Wanda ke mafarkin kwana cikin sanyi a hamada ya zauna ya yi wannan lissafi. In na'urar sanyaya ɗaki ta yi aiki rabin dare na awa 8, watau awa 4 tana ci, sai an tanadi batirin lithiyam biyar masu lamba 100, kuma da safe babu abin da zai saura a cikinsu. Faifan sola na wat 400, wanda shi ne abin da rufin matsakaiciyar mota kan ɗauka ba tare da wahala ba, in rana ta yi kyau ƙwarai zai mai da kashi ɗaya cikin uku na abin da aka ci. Sauran sai janareto, wanda dama gudunsa aka yi.

Akwai kuma wata ɓarna ta ɓoye. Inbata tana cin abincinta ko ba ta aikin kome, muddin a kunne take, kuma babba ta fi ƙarama ci. Mai wat 3,000 tana iya cin tsakanin wat 20 da 40 tana zaune. A yini da kwana wannan ya isa ya cinye dukan abin da ake iya ɗiba daga batirin dalma guda. Shi ya sa waɗansu masu dabara ba su cire ƙaramar, sukan bar ta domin firji da cajin waya, su kunna babbar lokacin girki kaɗai.

Ta ɓangaren soket ma akwai tarko biyu. Na farko abin dariya ne amma yana faruwa. Kowace irin wannan mota tana da caja wadda ke cika batir in an jona da wutar sansani. In aka haɗa sabuwar inbata da dukan wayoyin motar ba a ware wannan caja ba, sai inbata ta ɗebi wuta daga batir ta ba caja, caja ta mai da ita batir, kowacce tana cire ladanta, har batir ya ƙare ba a kunna ko fitila ba. Na biyun ba dariya a cikinsa. Dole ne a sa makunnin da zai tabbatar wutar inbata da wutar sansani ba su taɓa haɗuwa a waya guda ba, kuma wutar inbata ba ta koma baya ta fito a haƙoran filogin da ke waje ba, inda yaro zai iya kamawa. Bolt 12 ba ya kisa ta taɓawa, amma abin da inbata ke fitarwa yana yi, ba ruwansa da cewa daga batir ya fito. Yawancin manyan inbatoci na zamani sun zo da caja da wannan makunni a ciki ɗaya, kuma a ganina wannan ya fi sauƙi ga wanda ba gwani ba, ko da ya fi tsada. Haka nan mai saye ya lura da irin wutar da take fitarwa. Mai araha wutarta a kakkarye take kamar matakala, tana sa inji gurnani da zafi, tana rikita waɗansu na'urorin asibiti irin wanda masu ciwon numfashi ke kwana da shi. Mai tsada tana ba da wuta mai laushi irin ta gida. Araha dai ba ta ado.

Wurin ajiye ta ma sai an duba. Tana son kusa da batir saboda gajartar waya, amma ba a kulle ta a akwati ɗaya da batirin dalma mai ruwa, domin in yana caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta, tartsatsi ɗaya ya isa. Ba a kuma sa ta kusa da tukunyar gas. Tana bukatar iska, domin ladan nan na kashi 10 cikin 100, in tana cikakken aiki, zafin wat 300 ne.

Mai karatu da ke da inbata a gida, kamar yadda ma'aikata da yawa a Kano da Kaduna da sauran garuruwanmu suke da ita saboda ɗaukewar wuta, zai ga cewa bambancin kaɗan ne. Tamu bolt 230 take fitarwa, sau 50 a daƙiƙa, saboda haka inbatar Amurka ba ta yi mana aiki, amma lissafin ɓangaren batir ɗaya ne. Zai kuma lura cewa masu haɗa mana ita ba su cika barin babba a kan bolt 12 ba: ƙarama batir guda, matsakaiciya biyu a kan bolt 24, babba huɗu a kan bolt 48. Dalilin shi ne wanda muka gani. Wat 3,000 a kan bolt 48 amfiya 63 ce kawai, a kan bolt 24 kuwa 125, sai waya ta sirance, zafi ya ragu. Masu motocin Amurka sun daɗe a ɗaure da bolt 12 domin fitilunsu da famfon ruwansu da fankokinsu duk a kansa aka ƙera su, amma a 'yan shekarun nan waɗanda ke son wuce wat 3,000 suna komawa bolt 24 ko 48, su sa wata ƙaramar na'ura mai sauke wuta zuwa 12 domin waɗancan ƙananan kaya. Abu guda da namu masu saye kan manta shi ne lambar kVA da ke jikin inbata ba wat ba ce. A yawancinsu sai an cire kashi ɗaya cikin biyar, watau mai kVA 3.5 abin da za ta ɗauka wat 2,800 ne.

Ga wanda ya zauna ya rubuta kayan da yake kunnawa lokaci guda, sau da yawa zai tarar wat 2,000 ta ishe shi, muddin za a yi haƙuri a gama da buta kafin a kunna na'urar ɗumama abinci. Na'urar sanyaya ɗaki ma akwai ɗan akwatin da ake ɗaura mata wanda ke sa injinta ya tashi sannu a hankali, ya rage fizgar nan ta farko da fiye da rabi, har inbata mai wat 2,000 ta iya tada ita. Inbata mai wannan girma amfiya 185 take ja a kan bolt 12, batirin lithiyam biyu sun ishe ta, wayarta kuma ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin lanƙwasawa. Kowace aka zaɓa dai, masu wannan sana'a ba su sallamar mota sai sun gwada: a kunna kaya mafi nauyi na minti 15, a auna bolt a kan batir, a auna a bakin inbata, a ga bambancin bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, sa'an nan a kashe a bi kowane noti da kowane kan waya da bayan hannu. Inda aka ji ɗumi ya fi na sauran, a kwance a sake ɗaurewa.